Ɗan Boris na Takwas

Wudil,
10 ga Mayu, 2024

Abban Afra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman ruwa, ya sauro? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Baba yana gaishe ka. Idon yana nan yadda ka sani, haske da duhu kawai yake rarrabewa, amma kunne da baki ba abin da ya same su. Afra ta yi mura ta warke.

Za ka ce me ya kai ni takarda ga waya. Wata huɗu ke nan ina kiran lambarka ba ta shiga. Ran da ta shiga kuma, iska ta kwashe rabin maganarka, sauran rabin Baba yana gefe ya kasa kunne. Tunda Bilya direba ba ya fashin kai shanu Fatakwal, gara in riƙa ba shi takarda in faɗi abin da ke bakina har ƙarshe.

Yanzu ka gyara zama, don laifi na yi maka. Na buɗe shagon zaure.

Ruwan farko da aka yi ranar Talata ya ɗage kwano ɗaya daga rufin shagon. Na leƙa ta taga na ga yana ɗiga daidai kan tabarmar da ka baje kayan giyar motarka shekara biyu da wata bakwai da suka wuce. Makulli yana wurinka, don haka na sa taɓarya na fasa kwaɗon. Ban hargitsa maka komai ba. Na sauko da kwanukan jerena, waɗanda tun ranar biki ko ruwa ba a zuba musu ba, na kwashe ƙarafan yadda ka jera su, kowane rukuni da kwanonsa, na sa musu lamba da allin ɗinki. Kwano goma sha tara suka ci. Da Innata za ta ga abin da ke cikin samirunta, da sai an yayyafa mata ruwa.

A ƙarƙashin tabarmar na tsinci littafinka mai zane-zane. Turancinsa ya fi ƙarfina, amma zanen bai fi na yankan riga wuya ba. Ina kwatanta wa Baba, shi kuma yana laluba ƙarafan. Ka san shi da a-kori-kurar nan. Tun ran da ka kawo ta yake kiranta motar ragwaye, wai motar da ke canza giya da kanta ba mota ba ce, shi da ya yi shekara talatin yana murza gingimari. Jiya ya daɗe yana juya wani faifai a hannunsa, can sai ya ce, “Af, ashe akwai kuloci a ciki, ɓoye shi suka yi.” Tun rasuwar Innarku ban ji ya yi dariya irin ta jiya ba.

Ran da za ka tafi, ka tsaya a zaure ka ce min da zarar motar nan ta tashi ka dawo gida ke nan, ka riƙa jigilar hatsi daga Dagumawa da Kausani, ka daina bin garin mutane. Ni maganar na riƙe. Ina da ido, Baba yana da hannu. Ka aiko mana da abin da ya ƙone a ciki, ka gaya mana ta inda za mu fara.

Kullum da safe sai Afra ta fita gindin darbejiya ta bubbuga ƙofar motar. An ce mata motar Abba ce, ita kuma ta ɗauka a ciki kake zaune. Sai ta ɗaga ƙafa ta ce, “Abba, fito.” Na buɗe mata ta gani da idonta, ta ce ai fita ka yi, yanzu za ka dawo. Na rasa yadda zan yi da ita.

Matarka,
Safara’u

*

Fatakwal,
26 ga Mayu, 2024

Safara’u,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na gode Allah da na ji kuna lafiya. Ki durƙusa ki gaishe min da Baba. Ni ƙalau nake. Sati uku muke yi a cikin ruwa a kan jirgin haƙar yashi, ina kula da injin, sai sati ɗaya a tudu. Can ciki waya ba ta da amfani sai duba lokaci.

Taɓarya, Safara’u? Kwaɗon nan sabo ne fa.

Da farko na yi niyyar ce miki ki mayar da komai ki rufe. Giyar nan ba keken ɗinki ba ce. Ni da na yi shekara tara a gareji, ta gagare ni. Amma na san wadda na aura, in na ce bari, ranar za ki ƙara ɗamara. Don haka ga kwali nan wurin Bilya. Akwai sababbin faya-fayan kuloci, da zobban roba, da gaskit, da galan biyu na jan man giya.

Ki wanke komai da kananzir. Kada ruwa ya taɓa su, kada ki sa toka ko soson ƙarfe, na san hannunki da son ƙyalli. Kada ki goge da tsumma mai gashi, zare ɗaya ya isa ya toshe hanyar mai. Sababbin faya-fayan sai kin jiƙa su a jan mai kafin ki sa, yadda kike jiƙa waken ƙosai, in ba haka ba tashin farko za su ƙone. Akwai wani farantin ƙarfe mai hanyoyi a jikinsa kamar gidan gara. Shi ne yake raba mai, shi yake gaya wa mota giyar da za ta shiga. ’Ya’yan boris ɗin da ke zama a ramukansa, ’yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, suna cikin kwalin ashana a kan taga. Kowanne sai kin ɗiga masa basilin kafin ya zauna, in ba haka ba za su gangare.

In abin ya gagara ki bari, ba wanda zai ga laifinki.

Maganar Afra na karanta sau ɗaya na naɗe takardar, ban iya komawa wurin ba. Wata takwas gare ta na tafi. A idona har yanzu jaririyar nan ce mai tauna min igiyar makulli. Wani lokaci idan injin jirgi ya daidaita, sai in ji kamar ƙarar kekenki ce daga ɗaki bayan sallar azahar, har in juya. Kifi kuwa ga shi nan kamar banza, amma ba wanda ya kama ƙafar na bakin gada.

Naki,
Garzali

*

Wudil,
21 ga Yuni, 2024

Abban Afra,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Da fatan kana lafiya. Mun yi sallah lafiya, damina kuma ta zauna, geron Dagumawa ya kai gwiwa. Ƙafar Baba ta ɗan kumbura, an ba shi magani ta saɓe. Kaftanin da na ɗinka maka yana rataye kusa da na bara da na bara waccan. Na aiko maka da soyayyen nama wurin Bilya a kwano na ashirin, tunda sauran sha tara suna da baƙi.

Aiki ya yi nisa. Rumfar tsakar gida ta zama gareji, na shimfiɗa sabuwar leda, kaji kuma na kulle su a akurki har sai an gama, suna ta yi min Allah ya isa. Da hantsi muke farawa, bayan na gama ɗinkin mutane. Ni nake jerawa, Baba yake binciken aikina da yatsa. Ran nan na sa wani zoben roba a juye, ni da ido ban gani ba. Ya zagaya da ɗan yatsa sau ɗaya ya ce, “’Yar nan, leɓensa ciki zai kalla, ba waje ba.” Na so in musa, na duba littafi, na ga shi ne da gaskiya.

Da muka gama haɗa kuloci na farko, littafin ya ce a gwada shi da iska. Mu ina muka ga injin iska? Baba ya sa aka karɓo famfon keke a maƙwabta. Na sa bakin a ramin, na toshe gefe da roba, shi yana bugawa. Sai muka ji ƙwas, faya-fayan sun kama. Wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida, har Barakatu ta leƙo ta katanga ta ce wa ya haihu. Farcena ya yi baƙi, lalle ma ya ƙi kama shi, in ka dawo kada ka ce ba a gaya maka ba.

Ga tambayata. Farantin nan mai kama da gidan gara, zanen littafi ya nuna ramuka takwas masu boris. Na zazzage kwalin ashana a faranti, bakwai na gani. Na share shago da hannuna, na tankaɗe sharar da rariya, babu. Na gaya wa Baba. Ya karɓa ya ƙirga a tafinsa sau biyu. Can ya ce, “Rubuta masa ki tambaye shi.” To na tambaya. Bakwai ne ko takwas?

Wai yashi ne ya riƙe ka a can? Ranar Juma’a na tsaya a kan gada na ga tifofi sun yi layi a bakin kogi suna lodi. Yashi dai muna da shi, Abban Afra. Kai ne babu.

Matarka,
Safara’u

*

Fatakwal,
7 ga Yuli, 2024

Safara’u,

Wa alaikumus salam. Na samu saƙo, na ci naman har na raba wa abokan aiki. Ina gaida Baba da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki shafa min kan Afra. Ni lafiya, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Maganar famfon keke ta ba ni dariya, na ba wa babban injiniyanmu labari ya ce ƙarya nake yi. Sannunku da ƙoƙari.

Game da boris, littafin nan na motoci da yawa ne, ba tamu kaɗai ba. Wasu takwas ne, wasu bakwai. Ki sa waɗanda kika samu.

Kada ki wahalar da kanki da yawa saboda ni. Ba mota ce za ta dawo da ni ba. Mai jirgin ya yi min maganar in ƙara shekara biyu, ban ba shi amsa ba tukuna. Gobe da asuba za mu koma ruwa, shi ya sa na taƙaita.

Naki,
Garzali

*

Wudil,
26 ga Yuli, 2024

Abban Afra,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Baba ya warware, har masallaci yake zuwa da sandarsa. An yi mana rasuwa a Ɗankaza, mijin Goggo Juwairiyya, in ka samu hali ka kira ta.

Motarka ta tashi.

Ranar Litinin Nu’uman mai gyaran tarakta ya zo da mutum uku, suka ɗaga giyar suka ɗaura. Baba yana zaune a kan turmi yana ba da umarni kamar shi ya ƙera ta. Aka sa batir, aka canza mai, aka zuba fetur. Sau uku tana tari, a na huɗu ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe layin, matan unguwa suka cika zaure. Nu’uman ya ja sandar, muka ji ta shiga, ta tafi sumul har bakin masallaci. Baba ya karkata kunne yana ƙirgawa, “Ta ɗaya. Ta biyu. Kai, ta uku!” Ya cire hularsa ya mayar.

Sai aka zo juyowa. Nu’uman ya sa ta a ribas, inji yana ta kuka, mota ko motsi. Ya sake, haka. Gaba kam kamar doki, baya kuwa ko taku ɗaya. Ƙarshe majiya ƙarfi ne suka turo ta da hannu har gindin darbejiya, mutane suna dariya. Ban ji haushin dariyar ba. Abin da ya karya min zuciya daban ne.

Afra tana ɗaki lokacin da injin ya kama. Ta fito da gudu ba takalmi tana cewa, “Abba ya dawo! Abba ya dawo!” Kafin in riƙe ta ta isa ƙofar motar. Nu’uman ya buɗe, ta ɗaga kai ta dube shi, ta leƙa bayansa, ta leƙa ƙarƙashin kujera. Ba ta yi kuka ba. Ta dawo ta kama zanina ta tsaya. Tun ranar ba ta sake bubbuga ƙofar ba, kuma da na ga haka sai na gwammace tana bugawa.

Na koma littafi. Ramin da na bari babu boris, hanyarsa ta ribas ce, na bi ta da tsinken ashana har ƙarshe. Ka tabbata bakwai ne?

Sannan akwai layi ɗaya a takardarka da ya hana ni sakat. Ka ce ba mota ce za ta dawo da kai ba. Na karanta shi a tsaye, na karanta shi a zaune. In nufinka Allah ne mai dawo da bawa, na yarda. In kuma nufinka ko ta tashi ba za ka zo ba, ka faɗa min da Hausa, in san abin da zan gaya wa yarinya.

Matarka,
Safara’u

*

Wudil,
30 ga Agusta, 2024

Abban Afra,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata kai ma haka, ko da yake ba daga bakinka na ji ba.

Sau biyu Bilya yana zuwa hannu rabbana. Na farko na ce kana cikin ruwa. Jiya na sa Baba ya tsare shi a zaure, ni ina bayan ƙofa. Ya yi ta kwana-kwana, ƙarshe ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, har shayi kuka sha tare, kuma ya ji ana cewa takardar ƙarin shekara biyu tana aljihunka.

To shi ke nan, na samu amsar layin nan.

Ba zan yi maka kuka a takarda ba, tawada ce za ta ɓaci. Amma ka sani ina kewarka, kewar da har kunyar faɗinta nake ji. Ina kewar yadda kake shigowa da warin mai kana neman sabulu, kullum a inda ba nan yake ba. Gero ya fitar da kai, nan da wata guda za a fara yanka. Motar tana nan na rufe ta da tamfol. Kwanukana na wanke na mayar da su kabad, har yanzu suna warin kananzir.

Baba ya daina zancen giya. Jiya ya tambaye ni ko muryarka ta canza.

Safara’u

*

Fatakwal,
8 ga Satumba, 2024

Safara’u,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu suna gabana. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Sau huɗu ina farawa ina yagawa. Ki gaida Baba, in zai amsa.

Takwas ne. Na takwas ɗin yana wurina.

Ƙarya na yi miki, kuma tun ran da na ce ki duba kwalin ashana na san za ki gano. Ran da zan tafi, bayan na yi muku sallama, na koma shago na buɗe kwalin na ɗauki ɗaya na sa a aljihu. A lokacin na ce wa kaina don kada wani ya haɗa motar a bayana a sayar da ita ne. Yana cikin ’yar jakar da nake ajiye katin aiki, na naɗe shi a takarda. Duk jirgin da na hau, da shi na hau.

Ke kin san giya ta lalace, amma ba ki san yadda abin ya kasance ba. Duk gareji sun ce kada in sayi mota mai irin wannan giya, Baba ma ya faɗa, na ce su ne ba su waye ba. Wata biyar ta yi ta tsaya min a tsakiyar kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma’a, da raguna a baya, kowa yana kallo. Na ce ni zan gyara da hannuna. Sau biyu ina haɗawa ina ɗaurawa tana ƙin tafiya. A na biyun na dawo gida na ji Baba yana ce wa abokinsa a zaure, “Ai na gaya masa, motar ragwaye sai ragwaye.” Bai san ina bakin ƙofa ba. Cikin satin na nemi aikin nan.

Ba yashi ne ya riƙe ni ba, kunya ce. Muddin motar tana kan duwatsu ina da abin faɗa: sai ta tashi. Da kika rubuto cewa kin buɗe shago, na aiko da kaya ina cewa a raina za ki gaji ki bari. Da na ji faya-fayan sun kama da famfon keke, na yi murna, na kuma ji tsoro, don na ga abin da ya kore ni daga gari matata tana gama shi a gindin rumfa da makahon tsoho. Shi ya sa na ce miki bakwai. Na bar ki kika ɗaura giya kina murna, alhali na san ba za ta cika ba. Na sa ’yata ta fito da gudu.

Layin da ya dame ki, ba abin da kika zata nake nufi ba. Nufina gyaran ba a motar yake ba, a wurina yake, na kasa faɗa ne kai tsaye. Takardar shekara biyun tana nan, ban sa hannu ba, ban kuma mayar ba.

Ki yafe min. In kin ce in ba Bilya boris ɗin, zan ba shi.

Garzali

*

Wudil,
20 ga Satumba, 2024

Abban Afra,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an fara yankan gero. Takardarka ta zo ranar Alhamis waccan.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Kwana biyu ko kallon inda takardar take ban yi ba. Wata uku ina tsugune, bayana kamar zai karye, na tankaɗe shara da rariyar tuwona, ashe abin yana aljihun mijina yana shan iskar teku. Da kana kusa da ka ji abin da ba ka taɓa ji daga bakina ba.

A rana ta uku Baba ya ce in karanta masa. Na tsallake wasu wurare, ya ce in koma, ya ji inda na yi tsalle. Da na zo maganar zaure sai ya sunkuyar da kai. Sannan ya sa hannu a aljihun ’yar shararsa ya fito da wani ƙullin leda ya miƙo min. Ɗan boris ne, sabo fil. Wai tun ran da ya ƙirga bakwai a tafinsa ya sa aka kai shi wurin mai gyaran keke a bakin kasuwa, ya zaɓo daidai girmansu da yatsa, irin na cibiyar ƙafar baya. Na ce, “Baba, wata uku yana aljihunka ka bari aka yi ta mana dariya?” Ya ce, “Bakanike ba ya ɓatar da ɗaya ya adana bakwai a kwali. Na san yana wurinsa. So nake ya faɗa da bakinsa.” Kai da ubanka, Allah ya shirye ku, kowa da ƙarfe a aljihu.

Ranar Litinin Nu’uman ya kwance farantin daga ƙasa, ba sai an sauke giyar ba. Ni na sa boris ɗin da hannuna, da basilin ɗin Afra. Da aka tayar, Baba ya ce ba mai ja sai ni, tunda ba kuloci balle in ce ban iya ba. Na taka birki na ja sandar, na ji ta shiga a jikina. Ta koma baya, Abban Afra. Har na kusa kwashe tukunyar Barakatu.

Don haka naka ka riƙe, kada ka ba Bilya. Motar ba ta jiransa. Ta tashi, tana gaba tana baya, abin da ka ce kana jira ya faru, yanzu ba ka da abin faɗa. Mutanen garejin da kake jin kunya, ɗaya ya koma Kano, ɗaya yana sayar da taya, na tabbata ba wanda ya tuna ragunanka. Su sun manta. Mu da ba ka ji kunyarmu ba, mu ne muke ƙirga kwana.

Baba ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kada in gyara: “Ka ce masa bakina ne, ba hannunsa ba. Na laluba aikinsa na farko, kuskure ɗaya ne kawai, zoben da ’yar nan ma ta juya. Ya zo in ji muryarsa tun ina ji.”

Na yafe maka, amma sauran faɗan na ajiye sai ka zo, don ba ya daɗi a takarda.

Matarka,
Safara’u

*

Fatakwal,
29 ga Satumba, 2024

Safara’u,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na gode. Ki ce wa Baba na ji, sauran sai na durƙusa a gabansa.

Na mayar wa mai jirgi takardarsa ba sa hannu. Ya ce in yi tunani, na ce shekara uku nake yi. Zan ƙarasa kwanakin da suka rage min, in biyo Bilya a zuwansa na gaba. In Allah ya yarda ranar Alhamis, goma ga wata, muna Wudil wajen la’asar. Ki ce wa mutanen Dagumawa kada su ba wa kowa jigilar geronsu. Faɗan da kika ajiye kuma ki ɗumama shi, zan ci duka.

Alfarma ɗaya nake nema. Ranar ki cire tamfol ɗin, kada ki kulle motar, ki riƙe Afra a cikin gida. In na sauka ba zan yi sallama ba tukuna, Baba ya yi min haƙuri na minti biyar. Zan shiga in zauna a kujerar direba in rufe ƙofa. In kin ji na danna ham sau biyu, ki sa mata takalmi, ki ce ta je ta bubbuga.

Mijinki,
Garzali